Jan kuros a bango: wa ake gyara wa birnin Yawunde?

A Yawunde akwai alamar da ko yaron da bai shiga lekol ba ya san ma'anarta: jan kuros da aka shafa da fenti a jikin bango, wani lokaci da haruffan A.D. a gefensa, wato a rushe. Ranar da ta bayyana a gidan mutum, daga ranar barci ya yi ƙaura daga idonsa. Wani ya yi mako yana jira, wani ya yi shekara biyar, wani kuma ya fita kasuwa da safe ya dawo ya tarar da kwanon rufinsa a ƙasa.

Ba wanda ke gardama cewa birnin nan yana bukatar gyara. Duk wanda ya taɓa ɗaukar mara lafiya a goye daga cikin lungun Birik zuwa bakin titi, don mota ba ta iya shiga, ya san haka. Tambayar da mu mazauna tsofaffin kartiye muke yi ita ce: idan an gama gyaran, su wa za su zauna a wurin? Mu ne, ko wasu?

A Briqueterie, wadda kowa ke kira Birik, aka yanke mini cibiya. Yanzu ina haya a Etudi, can wajen mayanka, ina koyarwa a makarantar firamare. Tsakanin unguwannin nan biyu na ga abin da rashin tabbacin muhalli ke yi wa gida da kuma yaro.

Ba yau aka fara tashinmu ba

Jamusawa sun kafa sansaninsu a Yawunde a 1889, kuma ba a daɗe ba fatake Hausawa suka biyo hanyar Adamawa suka iso da shanu da tufafi, suna sayen goro da hauren giwa. Kusa da inda tsakiyar gari yake a yau suka fara sauka. Da Faransawa suka karɓi ƙasar suka mai da Yawunde hedikwata a 1921, sai suka ware tuddai masu iska don ofisoshinsu da gidajensu, suka tura baƙar fata gefe. An ta da zangon Hausawa fiye da sau ɗaya kafin ya tabbata a Ekoudou cikin shekarun 1930, kusa da inda Jamusawa suka yi wurin gasa bulo. Daga wannan bulon ne sunan Briqueterie ya samo asali.

To ka ga, wurin da aka tura kakanninmu don yana bayan gari, yau shi ne cibiyar gari. Daga Birik da ƙafa kake zuwa kasuwar Mokolo, da ƙafa kake zuwa Warda, Tsinga na maƙwabtaka, Bastos ta jakadu tana hango mu. Ƙasar da ba wanda ya damu da ita a da, yanzu kowane taku nata kuɗi ne. Duk wanda bai fahimci wannan ba, ba zai fahimci dalilin da ya sa gaban mutanen Birik ke faɗuwa ba idan suka ji ana maganar ƙawata birni.

Birni ɗaya, rayuwa biyu

Ƙidayar 1976 ta sami mutum kimanin 314,000 a Yawunde. A 1987 sun kai kusan 650,000. A ƙidayar 2005 sun haura miliyan 1.8, kuma tun daga nan ba abin da aka yi sai ƙaruwa. Gwamnati ta kafa hukumomin da za su tari wannan cunkoso: kamfanin gidaje na SIC yana nan tun 1952, sai MAETUR mai yanka filaye da bankin lamunin gidaje na Crédit Foncier, dukansu biyu a 1977. Su ne suka samar da irin su Cité Verte, Biyem-Assi da Mendong. Amma waɗannan wurare galibi ma'aikatan gwamnati da masu albashin wata ne suka amfana da su. Tela, mahauci, mai gasa soya, ɗan kamasho, mai tallan goro, ba su da takardar albashin da za su nuna.

Ina sauran jama'a suka nufa? Inda ƙasa ke da araha: fadamun da ake kira elobi, da gefen duwatsu masu gangara. Aka yi ta kafa ɗakunan katako na karabot da na laka, wannan manne da wancan, bayan gida kusa da rijiya. A Birik, gidan da kaka ya gina don mata biyu da 'ya'ya takwas, yau jikoki da tattaɓa-kunne ne a ciki da nasu iyalan, tsakar gidan ma an yanka ta an yi ɗakuna.

A nan Etudi bambancin ya fi fitowa fili. Unguwa ɗaya ce ke ɗauke da fadar shugaban ƙasa, ita ce kuma ke ɗauke da mayanka da lungunan da ruwan kwata ke bi ta ƙofar ɗaki. Idan ɗan jarida ya ce “Etudi ta yanke hukunci”, fada yake nufi. Idan maƙwabcina mahauci ya ce Etudi, ɗaki ɗaya yake nufi, shi da matarsa da yara biyar.

A Maris 2023 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa sefa 60,000 ga ma'aikatan kamfanonin da ba na noma ba. Sai ka auna: ɗaki guda a lungu, bayan gida na tarayya, yana cin jaka 15 zuwa 25, kuma mai gida ba ya ba ka makulli sai ka zube na watanni da dama a gaba. Ga wuta, ga ruwa, ga kuɗin bensikin. Wanda ba ya samun ko wannan albashin fa?

Shekarun katafila

Daga 2005 zuwa 2020 Gilbert Tsimi Evouna ne ke riƙe da hukumar birnin Yawunde a matsayin wakilin gwamnati. Mutanen gari suka laƙaba masa Jack Bauer, saboda idan ya ce zai rushe, to zai rushe. A zamaninsa an faɗaɗa tituna, an dasa lambuna, an yi wurin shaƙatawa na Bois Sainte Anastasie. Ba mai hana shi wannan. Amma a zamanin nasa ne kuma katafila ta shiga Etetak, sannan a ƙarshen Yulin 2008 ta share Ntaba, kusa da Nlongkak, dubban mutane suka wayi gari ba rufi a kansu. A wannan tsakanin ne ta taɓa ɓangaren Birik da ke kallon Warda, inda ƙasar Sin ke gina Fadar Wasanni da aka buɗe a 2009.

Hujjar hukuma a kullum ɗaya ce: wurin fadama ne, ko ƙasar gwamnati ce, ko an yi gini ba izini. Sau da yawa kuma hujjar gaskiya ce a takarda. Abin da takardar ba ta faɗa shi ne, mutanen sun shekara talatin, arba'in a wurin, an ja musu wuta, suna biyan kuɗinta, an yi musu rajistar zaɓe da sunan unguwar. Da aka tashi rusau sai aka ce ba a san da zamansu ba.

Ina saurayi lokacin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda gidajen da ba a taɓa ba suka cika maƙil cikin 'yan kwanaki. Kowa ya karɓi ɗan'uwansa. Zaure ya zama ɗaki, kicin ya zama ɗaki, samari suka koma kwana a shago da barandar masallaci. Wato an rage cunkoso a bakin titi, an ninka shi a cikin lungu, inda mai wucewa a mota ba ya gani.

Maganar ta kai har Majalisar Ɗinkin Duniya. A ƙarshen 2011 kwamitinta mai kula da haƙƙin tattalin arziki da zamantakewa ya duba rahoton Kamaru, ya nuna damuwa kan yawan korar mutane da rushe gidaje ba tare da isasshen wa'adi, ko diyya, ko wani matsugunin ba. Dokar Disamba 2019 ta soke muƙamin wakilin gwamnati, aka koma magajin gari, kuma a 2020 Luc Messi Atangana ya hau kujerar. Suna ya canza, amma jan fentin bai ƙare ba. A Duwala ma, a Mayun 2022 an rushe unguwar Dikolo da ke Bali don a gina otal, har da gidajen waɗanda suka ce suna riƙe da takardun filayensu.

Takardar da ke raba mai gida da baƙo

A nan ne nake so mai karatu ya natsu, don a nan yawancinmu ke faɗawa rami.

Tun dokokin ƙasa na 6 ga Yulin 1974, shaidar mallakar fili da hukuma ta sani ita ce titir fonsiye. Duk filin da ba shi da ita, kuma ba a cikin kadarar gwamnati yake ba, ƙasar al'umma ce da gwamnati ke kula da ita. Fadamu kuwa doka ta sa su cikin dukiyar jama'a da ba a mallaka wa kowa. Haka nan dokar ta ce cinikin fili sai a gaban notar, kuma sayar da filin da ba a yi wa rajista da sunan mai sayarwa ba ciniki ne ɓatacce.

Yanzu ka dubi abin da ke cikin akwatunan iyayenmu. Takarda ce da aka rubuta da hannu, mai ƙasa ya dangwala, shaidu biyu sun sa hannu, wataƙila da hatimin mai unguwa. A wurinmu wannan amana ce, an biya kuɗi, an yi fatiha. A gaban hukuma kuwa ba ta kai titir ba.

Tsarin mulkin ƙasa ya ce ba a karɓe wa mutum dukiyarsa sai don amfanin jama'a kuma sai an biya shi. Amma dokar 4 ga Yulin 1985 mai tsara wannan biya ta ce babu diyya ga ginin da ya tsufa yana shirin faɗuwa, ko wanda aka yi saɓanin ƙa'idar tsarin birni. Dokar tsarin birane ta 21 ga Afrilun 2004 kuma ta hana gini a wuraren ambaliya da zaftarewar ƙasa. Haɗa su wuri ɗaya ka gani: mai kuɗin da ya sami titir da izinin gini, idan hanya ta bi ta gidansa za a biya shi. Talakan da ya yi ɗakin karabot a bakin rafi, shi ba ko dala. Ɗan haya kuwa, wanda shi ne mafi yawa a cikinmu, sai dai ya kwashe tabarmarsa, kuɗin da ya biya a gaba ma sai wanda Allah ya haɗa da mai gida mai tsoronSa.

Akwai kuma matsalar da ke tsakaninmu, wadda ba hukuma ta jawo ba. Gidaje da yawa masu titir ɗin ma, sunan kakan da ya rasu shekaru da dama ne a jiki. An raba gado a baki, an ce wane ɗakin gabas, wance na yamma, amma ba a je kotu an karɓo hukuncin magada ba, balle a sauya suna. Ranar da aka zo lissafin diyya, ko wani attajiri ya zo da tayi, sai ka ga 'yan uwa ciki ɗaya a gaban alƙali. Wani lokaci magaji ɗaya ne zai sayar a ɓoye, sauran su ji a bakin sabon mai gida.

Abin da nake gani a aji

A makarantar horon malamai an koya mana yadda za mu gane yaron da bai fahimci darasi ba. Aikin ne ya koya mini gane yaron da bai yi barci ba. Zai iso da safe ido jajur, littafinsa da tabon miya ko ya jiƙe, aikin gida ba a yi ba. Idan ka bincika sai ka tarar su bakwai ne a ɗaki, fitila ɗaya, kuma ƙaramin nan da ke kuka shi ne mai mulki.

Mafi ciwo shi ne yaran da ke ɓacewa a tsakiyar shekara. Na taɓa samun wata yarinya a ajin ƙarshe, mai kaifin lissafi, saura 'yan watanni jarrabawar CEP. Mai gidan da suke haya ya sayar da gidan, sabon mai shi zai yi bene, aka ba su wa'adi. Da mahaifinta ya zo sallama sai ya ce mini: “Malam, ba don na so ba. Inda kuɗina ya isa, can bayan Olembe ne.” Ta yi sati biyu tana zuwa a makare, kuɗin mota ya gagara, daga nan ban sake ganinta a aji ba.

Wannan ma rusau ne, ko da katafila ba ta zo ba. Duk inda aka shimfiɗa kwalta aka sa fitilu, haya na tashi, mai gida ya fara tunanin shaguna da bene. Talaka ya matsa gaba. Ga mutanenmu kuma matsawar tana da tsada biyu. Tela a Birik cinikinsa yana zuwa ne don nan aka san ana ɗinka manyan kaya. Mai soya da kilishi haka. Mace mai yin ƙosai ko tuwon sayarwa, masu sayenta maƙwabta ne. Ga makarantar allo, ga masallaci, ga mai unguwar da zai sasanta rigima, ga waɗanda za su tsaya maka ranar suna da ranar jana'iza. Idan ka ɗauke mutum ka ajiye shi a Nkozoa, ka raba shi da jarinsa da danginsa a rana ɗaya.

Gidaje masu rahusa, amma ga wa?

A Disamban 2009 gwamnati ta ƙaddamar da shirin gina gidaje masu sauƙin kuɗi 10,000 da yanka filaye 50,000, aka aza harsashi a Olembe, da wani ɓangaren a Mbanga-Bakoko ta Duwala. Kashin farko gidaje 1,675 ne, kuma shi kansa ya ɗauki shekaru masu yawa bai kammalu ba. A ƙasar da hukumomi da bakinsu ke cewa giɓin gidaje ya haura miliyan 2, ko an gina dubu goman gaba ɗaya, ɗigon ruwa ne a bakin mai ƙishi.

Sannan farashin gidajen miliyoyi ne, hanyar samunsu kuma lamuni ce. Ana cire kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikaci don asusun lamunin gidaje, mai ɗaukar aiki ya ƙara kashi 1.5. Amma mai ba da lamuni yana son ya ga albashi tabbatacce da jinginar da doka ta sani. Wanda aka rushe wa ɗaki a Ntaba ba shi da ko ɗaya. Wato wanda aka tasa daban, wanda aka gina wa daban.

Hatsarin gaskiya ne

Kada wani ya ɗauka ina cewa a bar kowa inda yake. A 27 ga Nuwamban 2022 ƙasa ta zaftaro kan masu zaman makoki a unguwar Damas, mutum fiye da goma suka rasu. A 8 ga Oktoban 2023 ruwa ya ɓalle a Mbankolo ya tafi da gidaje, kusan mutum 30 suka riga mu gidan gaskiya. Kafin nan, a Oktoban 2019, an yi na Gouache a Bafusam inda aka rasa fiye da 40. Akwai wuraren da zama a cikinsu ganganci ne da rai.

Sai dai ba don sha'awa mutum ke kwantar da 'ya'yansa a ƙarƙashin dutse ba. Idan ka kore shi daga fadamar tsakiyar gari ba ka nuna masa wani wuri ba, gangaren dutsen bayan gari zai nufa. Ka ga an ɗauke hatsarin daga inda ake gani an kai shi inda ba a gani.

Kuma akwai wata hanyar, a ƙasar nan aka gwada ta. A shekarun 1980 an yi aikin sake tsara yankin Nylon a Duwala da tallafin Bankin Duniya da ƙasar Suwizalan: aka buɗe tituna da magudanai a cikin unguwar, aka tanadi filaye don waɗanda hanya ta bi ta gidajensu, mafi yawan jama'a suka zauna inda suke. Aikin bai rasa nasa kurakuran ba, amma ya nuna ana iya gyara unguwa da mutanenta a ciki. Dokar 2004 ɗin nan ma ta san da wannan hanya ta sake tsari, ta kuma yi maganar sa hannun mazauna a harkar tsara birninsu. Abin da muke nema ke nan: a ƙirga mutane kafin a ƙirga gine-gine, har da 'yan haya; a ba da wa'adi a rubuce; a nuna wa mutum inda zai koma kafin a taɓa bangonsa; kuma kada a yi rusau yara suna tsakiyar shekarar karatu.

Namu aikin

Kafin hukuma ta ji, akwai abin da ke hannunmu. Kowane gida a buɗe akwati a duba wace takarda ce a ciki. Idan titir ce da sunan mamaci, magada su haɗu su nemi hukuncin kotu su sauya suna tun ana ga maciji da juna. Idan babu titir, a je a tambayi matsayin filin. Doka ta ba waɗanda suka zauna ko suka raya ƙasar al'umma tun kafin 5 ga Agustan 1974, su da magadansu, damar neman rajista kai tsaye. Tun gyaran dokar da aka yi a Disamban 2005, a ofishin sufurefe ake ajiye takardar nema, kwamiti ya zo ya duba, masu awo su kafa duwatsun iyaka, a yi sanarwa, in ba mai ja a fitar da titir. Akwai wahala da kashe kuɗi, ba na ɓoye muku, amma ba ta kai wahalar kwana a waje ba.

Mai shirin sayen fili, don Allah kada arahar ta ruɗe ka. Ka nemi lambar titir, ka bincika a ofishin ajiyar filaye, ka yi ciniki a gaban notar. Ɗan haya kuma ya riƙa karɓar rasit da yarjejeniya a rubuce, ko da mai gidan kawunsa ne.

Sannan ga attajiranmu da limamanmu da masu unguwa. Muna haɗa miliyoyi mu ƙawata masallaci, Allah ya saka da alheri. Amma asusun da zai ɗauki lauya da mai awo su bi gida gida su tantance takardun Birik da lungunan Etudi, shi ma aikin lada ne. Adashin da mata ke yi na biki zai iya zama adashin titir. Idan an kira taron jin ra'ayi a meri, a je da yawa, a je da takardu, a tafi da matasan da suka yi boko su rubuta abin da aka faɗa.

Kakanninmu an tashe su sun tashi, don a lokacin ba su da bakin magana. Mu 'yan ƙasa ne, muna da katin zaɓe, muna biyan haraji a kasuwa, kuma kusan shekara 90 ke nan muna raya wannan tudu. A gyara Birik, a gyara Etudi, mu ma muna son titi da famfo da magudanar ruwa. Amma a gyara da mu a ciki. Allah ya rufa mana asiri, ya sa mu bar wa 'ya'yanmu gidan da ba za su kwana da fargaba a cikinsa ba.